DARASI: SA'AD DA BABA YA FARA ƁATAR DA MAKULLI

 Darasinmu na wannan wata a kan ƙaramin abu ne da yake shiga tafin hannu, watau ɗan makulli. Mun ga yadda wannan ƙaramin ƙarfe ya kusa raba aure a wani gida, ya kusa kuma watsa ƙungiya. Saboda haka muna roƙo a karanta darasin a taron ƙungiya, maza da mata tare, a kuma amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

ABIN DA YA FARU A WURINMU

A ƙungiyarmu akwai wani dattijo, dukanmu Baba muke ce masa. Shekara da shekaru shi ne mai riƙon makullin sitonmu, ko tiya ɗaya ta masara ba ta taɓa ɓacewa a hannunsa ba. Da zama ya gagara a ƙauyensu na bakin daji, ɗansa ya ɗauko shi ya kawo shi cikin garin Birnin Gwari, ya ba shi ɗaki ɗaya a gidan haya. Matar ɗan ce take dafa masa, take yi masa wanki, take ba shi magani.

Cikin wata uku aka fasa kwaɗo huɗu a gidan, gama Baba yakan kulle ɗakinsa ya rasa inda ya sa makullin. Wata rana ya ce matar ɗansa ce take ɗaukewa don ta buɗe adakarsa. A gaban maƙwabta ya faɗa. Ta yi kuka, ta goya ɗanta ta tafi gidan iyayenta. Ran da za a raba taki kuma, 'yan ƙungiya suka tsaya a ƙofar sito tun hantsi har rana ta take, babu makulli. Waɗansu suka fara gunaguni cewa akwai abin da ake ɓoye musu. Da yamma jikarsa ta tsinci makullin a cikin kwanon gishiri.

Babu ɓarawo a wannan labari, babu kuma mugu. Abin da muka rasa shi ne sanin abin da yake damun Baba, da dabarar taimakonsa.

ABIN DA YA SA WANNAN YA YAWAITA

A ƙauye tsoho ba ya bukatar makulli da yawa. Rumbu yana tsakar gida, asabari yana bakin ƙofa, kowa ya san kowa. Ƙafarsa ta san hanyar rijiya, hannunsa ya san inda fartanya take ko da cikin duhu.

Amma duk mun san abin da ya auko wa ƙasar nan. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, da na Kuyambana suka zama maɓoyar 'yan bindiga. An kai hari Dogon Dawa a 2012. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a Gwaska. Ƙauyuka da yawa suka watse, mutane suka nufi cikin gari ko Kaduna. A ƙarshen 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu da waɗansu 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. A cikinmu akwai waɗanda suka koma gonakinsu, amma suka bar iyayensu tsofaffi a gari.

A gari kuwa komai da kwaɗo: ɗaki, adaka, sito, ƙofar gida, wani wuri har banɗaki. Tsohon da bai saba da makulli ko ɗaya ba, ga shi da biyar a aljihu. Tunanin tsoho yana jingina ne ga sabo. In aka raba shi da wurin da ya saba, mantuwar da take ɓoye sai ta fito fili.

A Ingila da Amurka akwai gidaje na musamman inda tsoho yake da ɗakinsa da makullinsa, ma'aikata kuwa suna taimakonsa da abinci da wanka da magani, suna kuma ajiye makulli na biyu. A ƙauyukanmu ba mu da irin waɗannan gidaje. Ma'aikatan su ne mu: 'ya'ya, da matan 'ya'ya, da jikoki. Tun da aikin namu ne, ya kamata mu koye shi kamar yadda muke koyon sa taki.

MANTUWA IRI UKU CE

Ta fari, mantuwar da ta zama ta kowa. Mutum ya ajiye makulli ya manta, ya tsaya ya yi tunani: na fito daga wanka, na shiga ɗaki, na canza riga. Sai ya koma ya same shi a aljihun rigar. Wannan yana ƙaruwa kaɗan da shekaru, ba ciwo ba ne.

Ta biyu, mantuwa mai dalilin da ake iya gyarawa. Tsohon da yake da yanar ido ba zai ga makulli ba ko yana gabansa a kan tabarma. Wanda kunnensa ya yi nauyi bai ji abin da aka faɗa masa ba tun farko, mu kuwa sai mu ce ya manta. Rashin barci, da baƙin ciki, da tsoron da ya zauna a zuciya bayan gudu da dare, dukansu suna cinye hankali. Haka kuma giya, da ƙarancin abinci mai gina jiki, da waɗansu magunguna, musamman na barci da na mura masu sa gyangyaɗi, waɗanda ake saye a kemis ba da takardar likita ba.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. In tsoho yana lafiya jiya, yau kuwa ya ruɗe farat ɗaya, bai san inda yake ba, ko yana surutai, ko barci ya yi masa yawa, kada mu ce tsufa ne. Zazzaɓin cizon sauro, da ciwon mafitsara, da ciwon haƙarƙari, da ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, da faɗuwar suga, duk suna kawo wannan. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ke nan. A kai shi asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.

Ta uku, abin da muke kira gigin tsufa. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana shigowa a hankali cikin watanni da shekaru, yana kuma ƙaruwa. Alamunsa su ne:

1. Ajiye abu a wurin da bai dace ba, kamar makulli a kwanon gishiri, ba kuwa zai iya bin sawu ya gano ba.
2. Maimaita tambaya ɗaya sau da yawa cikin ɗan lokaci.
3. Rikicewa a lissafin kuɗin da dā yake yi da ka.
4. Ɓata a hanyar da ya sani.
5. Rasa sunan abubuwa na yau da kullum.
6. Sauyin hali, kamar zargi da fushi ga mutumin da dā mai sanyin hali ne.

Ga hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Wanda ya manta inda ya sa makulli, wannan yana iya samun kowa. Wanda yake riƙe da makulli a hannu, yana tsaye gaban kwaɗo, bai san yadda zai haɗa su ba, wannan yana bukatar likita.

Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, shi ne ya bayyana iri mafi yawa na wannan ciwo a 1906, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne suke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 kuwa suna ƙasashe marasa arziki da masu matsakaicin arziki. A nan kusa da mu, likitocin Zariya sun bincika tsofaffi 322 a cikin gari, suka buga sakamakon a 2011: kusan uku cikin kowane ɗari suna da ciwon. Wannan ya koya mana abu biyu. Ciwon yana nan a cikinmu, ba na Turawa kaɗai ba ne. Amma kuma yawancin tsofaffi ba su da shi, saboda haka kada mu yi saurin yanke wa kowane mai mantuwa hukunci.

ABIN DA MAKULLI YAKE NUFI GA TSOHO

Abin da yake fara zuwa wa ɗa a zuciya shi ne ya karɓe makullan duka ya huta. Mu ma abin da muka ba ɗan Baba shawara ke nan da fari. Ya karɓe. Baba ya bar cin abinci kwana biyu, ya juya fuskarsa bango.

Bari mu yi tunani. Mutumin nan ya rasa gonarsa, da rumbunsa, da itacen ɗorawar da yake zama a ƙarƙashinsa, da kabarin matarsa da ya baro a ƙauye. Abin da ya rage masa da zai ce nasa ne shi ne adaka ɗaya da ɗan ƙarfen da yake buɗe ta. Ran da aka karɓe shi, an faɗa masa ke nan ba shi da sauran iko a kan komai. Yawan kulle-kullen da yake yi, da ɓoye-ɓoye, tsoro ne yake kawo su. Yana ji a ransa abubuwa suna kuɓuce masa, sai ya ƙara ɓoyewa, ɓoyewar kuma ta ƙara ɓatarwa.

Don haka ƙa'idar darasin nan ita ce: mu bar wa tsoho makullinsa, mu shirya gida yadda ɓatan makullin ba zai zama masifa ba.

MATAKAI TARA A GIDA

1. A rage yawan makullan. A duba waɗanda yake bukata da gaske. Sau da yawa biyu sun isa, na ɗaki da na adaka.

2. A tanadi makulli na biyu tun kafin a bukace shi. Sabon kwaɗo yakan zo da makulli biyu ko uku. Kada a ba Baba dukansu a zobe ɗaya. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a wurin mai kula da shi, ɗaya a wurin wani amintacce a waje. In kwaɗon tsoho ne, masu yanka makulli suna yin wani, kuɗin kuwa bai kai na fasa ƙofa ba. A gaya wa Baba akwai na biyu, kada ya gano daga baya ya ce an munafunce shi.

3. A mai da makullin babba, mai launi, mai ƙara. A ɗaura masa guntun katako kamar rabin tafin hannu, ko jan ƙyalle, da 'yar ƙararrawa irin ta wuyan akuya. Abin da yake da girma ba ya shiga kwanon gishiri, abin da yake ƙara kuma ana jinsa in ya faɗi.

4. A haɗa shi da jiki. Ga namiji, igiya mai tsawon kamu ɗaya da aka ɗaure a bakin aljihu ko a mazagin wando, yadda zai buɗe kwaɗo ba sai ya kwance ba. Ga mace, a ɗinke igiyar a jikin lalitarta. In a wuya yake so ya rataya, a yi da zare mai tsinkewa in an ja, a kuma cire lokacin barci.

5. Wuri ɗaya tak. A kafa ƙusa a bango kusa da gadonsa, daidai idonsa, a shafa farar ƙasa ko fenti kewaye da ita. Shi ne zai zaɓi wurin, gama abin da mutum ya zaɓa da kansa ya fi zama a ransa. Kowane dare bayan tuwo a raka shi ya rataya da hannunsa. Kada a rataya masa. Hannu yana riƙe sabo ko bayan kai ya fara saki.

6. A shafa fenti iri ɗaya a kan kwaɗo da makullinsa, ja da ja, kore da kore. A kuma ajiye masa tocila mai haske a wuri ɗaya kullum, gama da magariba ne abubuwa suka fi ɓacewa.

7. A koyi maɓoyarsa. Yawancin tsofaffi suna da wuri uku ko huɗu da suke komawa: ƙarƙashin katifa, naɗin hula, cikin takalmi, bakin jinka, buhun hatsi. A duba nan tukuna. Kada a zubar da shara ko a jiƙa wanki sai an lalube.

8. A raba makullan haɗari da sauran. Makullin ɗakin da ake ajiye maganin ƙwari da na ciyawa, da ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi, da man fetur, da bindigar farauta, da makullin babur da na injin niƙa, waɗannan ba za su zauna a hannun mai gigin tsufa ba. Yana iya ɗaukar ƙwayar hatsi a kan maganin ciwon kai, ko ya sha maganin ciyawar da aka juye a kwalbar lemo. A nan babu sassauci. Haka kuma takardun gona da na fili, da katin banki, da kuɗi masu yawa: a kira 'ya'yansa duka, a ƙirga a gabansa da gaban shaida, a rubuta, a ajiye a wani wuri. A bar masa 'yan kuɗin goro da na kyautar jikoki a adakarsa.

9. Kada a kulle tsoho a ɗaki da kwaɗo ta waje a tafi gona. In wuta ta tashi daga fitila ko kaskon jin ɗumi, ko aka yi gudu, ba shi da mafita. In ana tsoron fitarsa da dare, a rataya ƙararrawa ko gwangwani a jikin ƙofa, wani kuma ya kwana kusa. Sakatar cikin ɗakinsa ma a sa irin wadda za a iya buɗewa daga waje in ya faɗi.

IN YA CE AN SACE MASA

Wannan shi ne wuri mafi zafi. Zargin yakan faɗa a kan wanda ya fi kusa, wanda ya fi wahala dominsa, sau da yawa matar ɗa ko jika. Dalilin kuwa shi ne ƙwaƙwalwarsa ta goge lokacin da ya ɓoye abin. A ganinsa ya ajiye a nan, yanzu babu, ashe wani ya ɗauka. Wa yake shiga ɗakin? Mai kawo abinci. Ba ƙarya yake yi ba, abin da ya gaskata ke nan.

Da fari sai a bincika a natse, gama wani lokaci tsoho yana da gaskiya, akwai masu cutar tsofaffi saboda sun san ba za a yarda da maganarsu ba. In an tabbata babu sata, to, gardama ba ta da amfani. Kada a ce, "Kai dai kullum sai ka ɓatar, jiya ma haka ka yi." Wannan kunya yake jawowa, kunya kuwa takan juya ta zama fushi. Gara a ce, "Baba, ku yi haƙuri, na san makullin nan yana da muhimmanci a gare ku. Bari mu nema tare." In an hango shi, a bar Baba ya tsinta da kansa. In ba a samu ba, a kawo na biyu, a buɗe, a kawo masa kunu, a ja shi da hirar noman dā.

Jikoki suna da amfani ƙwarai a nan. Wasan da ke tsakanin jika da kaka ya ba yarinya damar cewa, "Tsoho, ka sake ɓoye mini dukiyar aurena ke nan?" Sai a yi dariya a nema. Abin da ɗa ko matar ɗa ba za su iya faɗa ba, jika yana faɗarsa ba wanda zai ji haushi.

Wajibi ne kuma ɗan tsohon ya tsaya wa matarsa. Ya kira 'yan'uwansa da maƙwabta ya bayyana musu cewa ciwo ne yake magana. Matar da take wanke ƙazantar surukinta bai kamata a bar ta ta ɗauki sunan ɓarauniya ba.

Akwai wani zargi da ya fi wannan muni, wanda yake juyowa kan tsohon kansa. Tsohuwa mai gigin tsufa takan fita da dare, ta yi magana da waɗanda suka mutu, a same ta a ƙofar gidan wani ba ta san abin da ya kai ta ba. In aka tsare ta da tambaya, tana iya amsa kowane laifi da aka ɗora mata. A wurare da dama a ƙasar nan an yi wa irin waɗannan tsofaffi duka, an kashe waɗansu, da sunan maita. Mu da muka san dalili, kada mu yi shiru. Mara lafiya ce, a mai da ita gida.

ZUWA ASIBITI

Kafin a tafi, a sami ɗan littafi a rubuta abin da ake gani na mako huɗu: ranar da abu ya ɓace, inda aka same shi, yadda yake barci, abin da yake ci. A tattara dukan magungunan da yake sha, har da na gargajiya, a tafi da su cikin leda. Wanda yake zama da shi kullum shi ne zai raka shi, gama shi ne ya san amsar tambayoyin likita.

A fara da asibitin da ke kusa ko babban asibitin Birnin Gwari. A roƙa a auna hawan jini da suga, a duba jini, da ido, da kunne. In ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya. Zuwa can ba ya nufin Baba ya haukace.

Sai mu faɗi gaskiya: har yanzu babu maganin da yake warkar da gigin tsufa. Akwai waɗanda suke rage alamun na ɗan lokaci ga waɗansu mutane. Duk wanda ya ce a sayar da akuya a kawo masa kuɗi zai warkar da shi sarai, cuta ce. Amma tafiyar ba ta banza ba ce, gama in yanar ido ce ana cirewa, in hawan jini ne ana sauke shi, in wani magani ne yake ruɗa shi ana canzawa.

Mu ma da ba mu tsufa ba tukuna akwai namu rabo. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafta abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko a jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan giya, nauyin kunne, raunin ido, buguwar kai, da zaman kaɗaici. Mai hawa babur ba hular kwano, da wanda bai taɓa auna jininsa ba, su lura.

AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da ƙungiya za ta iya yi.

Na ɗaya, kayan ƙungiya kada su rataya a kan tunanin mutum ɗaya, tsoho ne ko yaro. A sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, makullan a hannun mutum biyu, na ajiya kuma a wurin na uku. Kowane buhu da ya shiga ko ya fita a rubuta. In wannan ta zama doka ga kowa, ba wanda zai ji an ci masa fuska ran da aka sauya mai riƙo.

Na biyu, in lokaci ya yi da dattijo zai sauka, a sauke shi da girma. A yi a gaban taro, da godiya, a kuma ba shi wani aiki da zai iya. Mai gigin tsufa yakan manta abin da ya faru da safe, amma ya tuna yadda ake zaɓen irin dawa, da alamun ruwan shuka, da iyakokin gonaki tun zamanin kakanni. Yanzu da mutane suke komawa gonakin da aka bari shekaru, sanin iyakar nan yana da tsada. A tambaye su, a rubuta, tun suna iya faɗa.

Na uku, a yi wa mai jinya gayya. Kamar yadda muke taruwa a gonar mutum ɗaya, haka za a tsara wanda zai zauna da tsoho ranar kasuwa ko ranar girbi, domin mai kula da shi ta huta. Matar da ba ta yi barci ba wata uku za ta yi faɗa, ba don ba ta da kirki ba.

Na huɗu, a ware ɗan kuɗi a asusun ƙungiya domin motar asibiti.

Na biyar, a shirya tun kafin tsoho ya ɓace. Da yawa daga cikinsu, in la'asar ta yi, sukan tashi su ce za su tafi gida, watau ƙauyen da suka baro. A ƙasa irin tamu mai daji, wannan ba abin wasa ba ne. A ɗinka ƙyalle mai sunansa da lambar wayar ɗansa a cikin rigarsa. A sanar da mai unguwa, da masu shago, da 'yan acaɓa na tasha, cewa in sun gan shi ya nufi bayan gari su dawo da shi. A ajiye hotonsa na kwanan nan a waya. In ya ɓace, a fara nema nan da nan, a fara da hanyar ƙauyensu da bakin rafi da rijiyoyi.

YADDA TA ƘARE DA BABA

Dattawan ƙungiya suka je biko, matar ɗansa ta dawo. A asibiti aka sami Baba da hawan jini da yanar ido, likita kuma ya ce akwai farkon gigin tsufa. An yi masa aikin ido ɗaya. Yanzu makullin adakarsa yana ɗaure da jan ƙyalle da 'yar ƙararrawa, ƙusarsa tana bango. Har yanzu yakan ɓatar da shi wajen sau biyu a mako, amma ba a ƙara fasa kwaɗo ba. Makullin sito yana hannun mutum biyu. Ranar rabon iri, Baba ne yake zama a bakin ƙofa yana duba kowane buhu da hannunsa. Mun san ciwon zai ƙaru, wata rana ƙusar ma ba za ta yi amfani ba. In ranar ta zo, za mu sake shiri.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Tsofaffi nawa ne a cikin gidajen 'yan ƙungiyarmu aka raba da ƙauyukansu? Wa yake kula da kowannensu?
2. Waɗanne alamu ne suke nuna a kai tsoho asibiti a ranar?
3. Wa yake riƙe da makullin sitonmu? In ya ɓace yau, me za mu yi?
4. A gidajenmu, ina muke ajiye maganin ƙwari da na ciyawa? Tsoho ko yaro zai iya kai wa gare su?
5. In aka zargi wata tsohuwa a unguwarmu da maita, wa zai fara tsayawa ya yi magana?

AIKIN WANNAN WATA

Kowane ɗan ƙungiya da yake da tsoho a gida ya kafa ƙusa ɗaya, ya tanadi makulli na biyu, ya kai tsohon a auna masa jini. Magatakarda ya rubuta sunayen masu jinya, a tsara musu ranar hutu kafin taro mai zuwa.